Jirgin Alhaji da Majalisar Masana

Maƙwabcina ya yi ritaya bara. Da kuɗin garatuti suka shigo, kowa ya zaci ƙarin aure zai yi ko ya tafi Umara. Sai ga shi wata Asabar a gaban babbar mota, an ɗauro masa tsohon jirgin ruwa na alminiyam daga Yawuri. Mu kuwa a unguwarmu a Kano, ruwan da ya fi kusa da mu shi ne kwatar ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce da hannunsa zai gyara shi, ya shafa masa fenti, ya kai shi Tiga ya riƙa kamun kifi. Hajiya ta leƙo daga soro ta ce, "Allah ya sanya alheri, Alhaji," da muryar da ake yi wa mutum jaje.

Kafin la'asar an jera benci biyu. Mutanen da ko gadar Tamburawa ba sa hayewa sai da salati, duk sun zama sarakunan ruwa. Mai shayi ya ce fentin get ya wadatar. Tela ya ce a zuba kalanzir don ya yi auki. Wani ya rantse kakansa ya taɓa tuƙa irinsa a Argungu, don haka a saurare shi.

Mutum ɗaya ne a wurin ya san aikin, wani dattijo mai fentin mota. Ya shafa jikin jirgin ya ce, "Yallaɓai, alminiyam ba kamar baƙin ƙarfe ba ne. Ba ya yin jar tsatsa, amma da iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ba ta riƙe fenti." Ya ce a wanke maiƙo tas, a bi shi da samfefa, a goge, sannan a ranar, ba gobe ba, a shimfiɗa fentin ƙasa mai ɗan asid wanda ke cizon ƙarfen. Ya hana burushin wayar ƙarfe, ya hana duk fentin da ke da jan ƙarfe a ciki, don cinye alminiyam yake yi a ruwa. Na sama kuwa a yi shi shara-shara, hawa-hawa, kowanne ya bushe tukuna. Aikin mako biyu.

Majalisa ta fashe da dariya. Mai shayi ya ce, "Baba, wa zai ga na ƙasa?"

Wannan tambayar fa ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gado ce. Da ita muke fente bangon makaranta na bakin titi ranar da babban baƙo zai wuce, alhali ajin baya ko rufi babu. Da ita muke wa ƙofar gida kwalliyar Sallah, katangar bayan gida tana jiran damina ta kwantar da ita. Ni kaina akwai ɗakin da ba na barin baƙo ya ɗaga labulensa.

Alhaji ya bi masu rinjaye, tunda dimokuraɗiyya ake yi. Galan biyu na fentin get, yini ɗaya, cikin ƙurar hunturu. Jirgi ya fito kore shar, da ɗan yashi-yashi kamar an barbaɗa masa yajin tsire. Aka rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a gefe, aka yanka kaji, hotuna suka cika Facebook.

Bayan mako uku fenti ya fara saɓa kamar maciji. Yara suka riƙa ɓare shi da farce a hanyar Islamiyya. Majalisa ta sake zama, mai shayi ya ce ai da ma shi bai yarda da fentin nan ba, tela ya ce kambun baka ne, a nemi rubutu. Dattijon bai ce uffan ba, ba a ma gayyace shi ba.

Ruwan farko da ya sauka ne ya tona sauran asirin: abin da ya taru a ciki ya tsiyaye ta ƙusoshin gindi kafin gari ya waye. Kullum yanzu ɗan gwangwan sai ya tsaya da sikelinsa ya ce, "Alhaji, masu narka tukwane suna gaisuwa."

Dam ɗin Tiga yana nan inda Audu Baƙo ya bar shi tun 1974. Jirgin kuma yana ƙofar gida, awakin Hajiya na cin dusa a ciki.