Motar da ta fi ni tsimi

'Yar Beljiyam ce ƙirar Jamus, ta shigo ta Kwatano, dillali kuwa ya rantse wani likita ne ya ɗan hau ta. Na fito da ita ina ƙamshi. Ina isa danja na taka birki, sai na ji tsit. Inji ya mutu.

Mai Adaidaita na bayana ya danne hon: "Alhaji, in ba ka iya ba ka ba yaro!" Nan da nan samari masu goge gilashi suka dafa but. Na ɗaga ƙafa daga birki don su tura, mota ta tashi da kanta ta yi gaba, ɗaya ya kife a kwalta. Ya miƙe yana kakkaɓe wando ya ce, "Ka ga albarkar hannu, ko turawa ba mu fara ba." Na sallame su. A danja ta gaba ma haka.

Bakanikena ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya ɗora sabon famfon mai. Abin haushi, a gareji ko tari ba ta yi, don ashe muddin bonet na buɗe ba ta kashe kanta. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Oga, motar nan lafiyarta ƙalau, sai dai ka duba tsakaninka da mutane." Hajiyarmu na jin haka ta aiko da habbatus sauda a yi mata hayaƙi.

Ɗan yayata, ɗalibin kwalejin fasaha, shi ya nuna mini wani maɓalli mai harafin A da kibiya ta zagaye shi. Ya ce, "Kawu, da gangan take yi." Dokokin rage hayaƙi na Turai ne suka sa kamfanoni haɗa mota ta kashe inji a tsaye, ta tashi in an saki birki. Wai ma ba sabon abu ba ne, tun 1974 Toyota ta gwada shi a Crown, kuma ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna a 2014 ta ga ana rage shan mai da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Da tsadar fetur ta yanzu, har na fara ganin girmanta.

Sai zafin Kano ya cinye batirin da ta zo da shi. A Ƙofar Ruwa aka nuna mini irinsa, AGM, aka faɗi kuɗi, na nemi kujera. Na ce batir ai batir ne, na ɗauki na gama-gari. Ba a jima ba mota ta daina mutuwa a danja. Na kira Hajiya na ce hayaƙi ya yi aiki.

Ranar ɗaurin auren ƙanwata, na sha babbar riga, na danna maɓallin tayarwa: ƙas, ƙas, shiru. Otomatik kuma ba ta tashi da turi. Mai wayarin ya zo ya yi mini karatu. Batirin gama-gari an yi shi ne ya buga kik sau kaɗan a yini, altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Nan kuwa duk tsayawa shi ke riƙe fanka, rediyo da fitilu, ya kuma tada inji, har farantansa suka gaji. Akwai wata 'yar na'ura a kan sandar batir mai auna ƙarfinsa. Da ta ga ya yi sanyi, ita ta hana mota kashe kanta. Warakar da na yi wa murna ke nan.

Na sayo AGM ɗin, ya ɗaura, ya kuma fito da kwamfuta ya ce akwai kuɗin rajista. In ba a sanar da mota an kawo sabo ba, za ta ci gaba da cajinsa da lissafin tsohon. Na ce, "Malam, wannan ai ɗaurin aure ne, saura waliyyi." Bai yi dariya ba. Ya ce a tura masa ta waya, ba ya da canji.