Darni, Ƙaya da Akuyar Maƙwabci

A Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke bin kanal yana ratsa gonaki, dashen tumatir ba abin tashin hankali ba ne. Fitinar tana wajen akuyar maƙwabci, wadda ta fi malamin gona sanin ranar da yabanya ta yi kyau.

Ka kafa darnin kara, ta ɗauka buɗa-baki ka ajiye mata. Zana na tare wa iri iskar hunturu, amma gara ce ke sa maka albarka. Ƙayar magarya kam tana aikinta, sai dai ba ta san mai lambu ba. Ƙafarka da ta ɓarawo duk ɗaya ne. Waya fa? Ka ji kuɗinta, ka tuna yadda ake wulaƙanta kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan idan kaya sun cika, sai ka ce a bari sai baɗi. Shi ya sa dattawa suke dasa bini-da-zugu, wanda ko akuya ba ta kula shi.

A 2016 kuwa tsutsar sharon ta zo, uwarta da fiffike take shigowa, ba ruwanta da ƙofa. Ta cinye mai waya da mai kara, har masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta rasa na niƙawa.