Shigar Maza Ranar Sayen Takalmi Mai Tsini

A kasuwanninmu ba a rubuta kuɗin kaya a jikin kaya. A jikin mai saye ake rubutawa, kuma shi ke rubutawa da hannunsa tun daga gida, sa'ar da ya tsaya gaban akwatin tufafinsa yana shawarar abin da zai sa. Duk ɗan kasuwar da ya san sana'arsa, daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi, kafin ya amsa maka sallama ya riga ya karance hularka da wuyan rigarka da agogonka da ƙurar ƙafarka.

A al'ada sayen takalmin mata aikin mata ne. Gwaggo da yayye da ƙanne su ke haɗa lefe, su suka san atamfar da za ta hau da wace jaka, jakar kuma da wane takalmi. Amma zamani ya zo da magidanta masu zargin ana cin riba a kansu, da angwaye masu son burgewa, ga kuma hidimar Salla da ba ta jiran kowa. Shi ya sa za ka ga ƙato da gemunsa tsaye gaban teburin 'yan takalma, yana hararar ƙwas-ƙwas mai tsini da ƙyalƙyali. Takalman nan galibi daga kasuwar Ariyariya ta Aba suke fitowa, ko a saro su a Sabon Garin Kano bayan sun sha tafiya a kwantena daga ƙasar Sin, ko da yake mai shago zai gaya maka daga Italiya ko Dubai suka sauka jiya da dare. Ga ire-iren mazan da ke zuwa saye, kowa da shigar da ya zaɓa da dalilinsa.

Alhajin yini ɗaya

Wannan tun ana saura kwana biyu ya kai shaddarsa gezna wurin masu bugu. Ran tafiya sai ya zuba babbar riga mai aska takwas, ya kafa zanna bukar da ta yini a rana wurin mai wankin hula, ya yi wanka da turare. Hujjarsa ita ce kada a raina shi. Ba kuwa za a raina shi ba. Mai shago na hango shi zai miƙe, ya kakkaɓe benci, ya tura yaro sayen lemo mai sanyi. Da Alhaji ya nuna wani takalmi, sai ya ji: "Haba ranka shi daɗe, wanga ba na gidanka ba na. Bari in ɗauko maka na manya." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya fito da irinsa sak, illa dai wannan yana cikin kwali. Abin da aka sallama wa wata tsohuwa naira 9,000 da safe ya koma 25,000. Babbar riga kuwa ba ta taya kaya da rabi, ba ta kuma cewa a yi mata ragi saboda Allah. Haka zai biya yana murmushin yaƙe, ya taka da ƙafa zuwa tasha, domin kuɗin kabu-kabu ma sun tafi a kuɗin kwali.

Mai ɓad da kama

Shi kuma attajiri ne na gaske, dillalin hatsi mai sito uku. Ya ji labarin abin da ya sami Alhajin yini ɗaya, sai ya zaro tsohuwar jamfa mai yagaggen aljihu, da hular da ta manta launinta, da silifar da aka ɗaure hancinta da waya. Yana isa zai fara kukan tsadar taki da rashin albarkar damina. Mai shago ba ya musu, kallon ƙasa kawai yake yi. Dunduniyar nan sumul, ba faso ko ɗaya. A wuyan hannu ga shatar agogon da aka tuɓe ɗazu. Ana cikin ciniki sai wata ƙatuwar waya ta ɗau ruri daga cikin yagaggen aljihun, mutumin naka ya manta da talaucin da ya aro, ya daka tsawa: "A sauke tirelar a sito na biyu!"

Sai dai a faɗi gaskiya, ɓad da kama a yankin nan ya daina zama rowa zalla. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi ta fita Jibiya, mai hankali ba ya shiga mota da shigar da za ta sa a yi masa kuɗi. Wasu a leda suke ƙunshe shaddar, sai sun sauka lafiya su canza. Mutanen da suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, sun san fita kasuwa ma ni'ima ce. 'Yan takalma sun san da haka, shi ya sa suka rage duban riga suka koma duban fata.

Mai naɗe fuska

Wannan aure zai ƙara, uwargida kuwa ba ta da labari. Zai yi rawani ya ja amawali har hanci, ya ɗora baƙin tabarau, wani ma ya lalubo takunkumin da ya rage tun zamanin korona a 2020. In mutumin Zurmi ne sai ya tsallako Ƙaura, in na Ƙaura ne sai ya bari sai Alhamis ya shige cikin cunkoson kasuwar Shinkafi, inda fatake ke zuwa har daga Nijar, a zatonsa ba mai gane shi. Ya manta cewa babur ɗinsa mai karyayyen madubi duk ƙaramar hukumar ta san shi. Yana maƙe murya yana tambayar ja mai duwatsu, sai mai shago ya washe baki: "A'a, Kawu! Ƙaƙa gida? Ƙaƙa Inna? Ai ita lamba 41 taka sawa, wanga 38 na wa na?" Ashe ɗan ƙanwar uwargida ne. Kafin ya kai gida labari ya riga shi, har da launin takalmin.

Ustazu

Farar jallabiya, wando ɗangalalle, farar hula, asuwaki a aljihun gaba. Ba ya taɓa takalmin da hannu, da tsinin asuwakin yake nunawa. Kafin ciniki sai ya yi nasiha a kan takalmin da ke sanar da unguwa cewa mace na tafe, mai shago na gyaɗa kai yana "gaskiya na, Malam." Bayan an shafa, sai ya rage murya ya tambaya ko akwai wanda ya fi wannan tsawo, amma fa na cikin gida ne, tsakanin ɗaki da tsakar gida. Ya nemi a sa masa a baƙar leda, a ninka ta biyu. Shi kaɗai ne shigarsa ke jawo masa ragi, don mai shago na jin nauyin zuga wa malami kuɗi. Abin da ya rage masa kuma zai fanshe a wurin Alhajin yini ɗaya.

Malamin boko

Kwat da taye a zafin bazara, biro uku a aljihu. Bai zo saye kawai ba, ya zo ilimantarwa. Zai ɗaga takalmin sama ya sanar da jama'a cewa asalin takalmi mai doguwar dunduniya na maza ne. Mahayan dawakin Farisa ne suka riƙa sa shi don ƙafa ta kama likkafa sosai, su miƙe tsaye a kan doki su harba kibiya. Yayinsa ya bazu a fadojin Turai bayan Shah Abbas ya aika jakadunsa can a 1599, har Sarki Luwi na 14, wanda ya mulki Faransa daga 1643 zuwa 1715, ya shahara da takalmi mai jar dunduniya. Zai ƙara da cewa mu ma kakanninmu sun hau dangarafai na itace don tsallake taɓon damina. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Mai shago ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce: "To madalla, Malam. Tunda naku na, in ɗauko maka lambarka?"

Ɗan Poli

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura a 1983 garin bai rabu da wannan samfurin ba, kayan ne kawai ke sauyawa. Na yanzu wandon jins ne mai yagaggiyar gwiwa, wanda a yage aka sayar masa, da rigar ƙwallo mai sunan wani Bature a baya, da abin jin sauti a kunne. Ba ya bayani da baki, hoto zai nuna wanda budurwa ta turo daga TikTok. In an kawo mai kama da shi, sai ya kira ta ta bidiyo, ya ɗaga waya sama yana zagaya rumfa yana neman sabis, fuskarta ta daskare baki buɗe, ba a san ko "e" ta ce ko "a'a" ba. Kuɗin ma ba a hannu suke ba, tiransifa zai yi. Haka za su zauna shi da mai shago suna jiran alat har a kira la'asar, ga shi an riƙe takalmin, an kuma riƙe shi.

Gajere

Allah ya haɗa shi da doguwar amarya, ita kuma ta kafe sai mai tsini. Ran zuwa kasuwa zai zaɓi hular da ta fi kowace tsawo, ya ƙi karya ta, ya sa sau-ciki mai kaurin ƙasa, ya miƙe wuya. Shi ba launi ya dame shi ba, ba kuɗi ba. Yatsunsa yake jerawa a jikin dunduniyar yana awo: huɗu sun yi yawa, uku da dama-dama, biyu shi ne zaman lafiya. Zai kawo hujjar likitoci cewa dogon tsini na kawo ciwon baya da na gwiwa, abin da bai taɓa damunsa ba sai da mai hoto ya ce ranar biki tsaye za a ɗauka. In ya rasa gajere, a hankali zai tambaya ko akwai kafinta a kusa.

Mai tsinke

Shi daga ƙauye ya fito, da rigar Juma'arsa guda ɗaya da ya wanke jiya, da malafa, da sanda. Bai ɓata dare yana tunanin shiga ba. Ya sayar da ragonsa a kara, ya ƙulle kuɗin a lalita, ya nufo 'yan takalma saboda 'yarsa da zai aurar. Sai ya tura hannu cikin hula ya zaro tsinken tsintsiya, wanda uwar yarinyar ta gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa ta karye daidai. Zai zura shi a cikin takalmi, ya danna da ɗan yatsa, ya karkata kai yana duba ko ya kwanta. A fade da silifa wannan awo ba ya kuskure. Amma cikin mai tsini gangare ne, tsinken sai ya tsaya a sama ya bar rami a ƙarƙashinsa. Tsoho ya juya takalmin, ya ƙwanƙwasa tsinin a benci, ya dubi mai shago: "Yaro, wanga da ƙusa tai, mutum aka takawa ko ƙasa?" Duk da haka a cikin jerin nan kaf shi kaɗai ya zo da wani abu da ya shafi ƙafar da za ta sa takalmin.

Domin nan ne gizo ke saƙar. Alhaji ya san kuɗin shaddarsa yadi-yadi, malamin boko ya san shekarar da Luwi ya hau gado, ɗan Poli ya san lambar kowane ɗan wasa, amma da mai shago ya ce "lamba nawa?" sai kowa ya kama kallon rufin rumfa. Wani ya ce matsakaiciya ce. Wani ya gwada da tafin hannu. Wani ya nuna wata baiwar Allah da ke wucewa ya ce ƙafarsu za ta zo ɗaya, ya jawo wa kansa harara. Mutum ya shekara goma da mace, ya san yawan gishirin da take sa wa miya, bai san 39 take sawa ko 40 ba.

Shi ya sa kowane ɗan takalma ya san ciniki da namiji rabin ciniki ne. Ran kasuwa mai zuwa wata 'yar yarinya za ta iso da baƙar leda, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce an ce a canza, ya matse, kuma ba wannan launin aka ce ba. Wanda aka canzo ɗin ma ranar walima kaɗai zai ga rana. Amarya za ta taka daga mota zuwa zaure, ƙawaye biyu na tallafe da ita, tsinin na nutsewa a rairayi yana barin ramuka a jere kamar an bi da sungumi za a zuba iri. Daga nan sai saman kabad, ta koma wa silifarta.

Akwai namiji na tara, amma ba a ganinsa a rumfar 'yan takalma. Yana gida da 'yar shara da gajeren wando, yana shan fura a inuwa. Ya ƙirga kuɗi ya ba ƙanwarsa, ya ƙara mata na mota, ya kuma yarda a ransa cewa za ta ci riba a kansa. Ko ta ci ɗin, ba za ta kai ta kwalin Alhaji ba.