Yadda Ake Yaye Mota Daga Shan Mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, masu mota a gabashin Sakkwato suka koma malaman lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, kafin 2024 ta ƙare kuma ta taka 1,000. Wanda a da bai san inda allurar tankinsa take ba, yanzu ya fi kallonta a kan titi. To ga shawarwari, kyauta, tunda su kaɗai ne ba a ƙara wa kuɗi ba.

Ka fara da rage gaisuwa, ko kuma ka koyi kashe mota kafin ka soma ta. Babu abin da ke shanye mai tsakanin Achida da Wurno kamar haɗuwar masu mota biyu da suka san juna. Kowa ya sauke gilas, inji na sulo, a fara: an tashi lafiya, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ya albasa bana, yaya jikin Baba. Kafin a kai ga "sai mun sake saduwa" an ƙone abin da zai kai ka kasuwa. Tsayuwar da za ta wuce minti ɗaya, murɗa makulli ka kashe, sa'annan ka gaisa har da kakanni. In surukinka ne, ka ma fito ka durƙusa. Ka sami lada, ka tsira da mai. Haka ɗumama mota da safe. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, za ka ga mutum ya tada mota ya yi ta taka totur har ya gama shan kunu, wai tana jin sanyi. Ka tada, ka ɗan dakata, ka tafi a hankali, a hanya za ta ɗumi.

Taya kuwa ba a gwada ta da ƙafa. Harbinta da takalmi kana gyaɗa kai ba ya nuna komai sai ƙarfin takalmin. Taya mai ƙarancin iska jan ƙasa take yi, injin ya yi ta wahala yana sha. Ka je wurin mai faci da sassafe kafin rana ta gasa ta, ka sa ya auna da geji. Adadin da ya dace yana nan rubuce a jikin ƙofar direba, in dai mai fenti bai shafe ba. Kada kuma ka ce a cika ta ta yi tauri don ka ƙara riba, sai ta fashe maka tsakar rana.

Sai lodi. Bajamushen da ya ƙera Golf mutum biyar ya yi wa wuri. Da zai zo tashar Goronyo ranar kasuwa ya ga biyu a gaba, ɗaya ya raba kujera da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da tafarnuwa da igiya, ga akuya tana leƙe, da ya nemi a ba shi ruwa. Direban haya dai muna yi masa uzuri, don in aka raba man a kan kowane fasinja, babu mai tattali irinsa a duniya. Da kai nake, mai motar gida. Buɗe but ɗinka: tsohon batir, tayar da ta mutu tun bara, rabin buhun siminti, turmin da aka ce ka kai wa gwaggo a Rabah. Duk nauyin nan da kuɗinka kake yawo da shi. Ragowar nauyin kuma masu "Kawu, rage mani hanya" ne. Maganinsu sammako, amma kada ka yi wanda ya wuce hankali, kowa ya san halin rashin tsaro da hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni take ciki.

Gudu ma ciniki ne. Tsakanin kilomita 80 da 90 a awa mota ta fi jin daɗi. Da ka kai 120 iska kake saye. Ballantana ramin da ke gaba zai sa ka taka birki ka zubar da duk abin da ka ƙona.

Akwai masu wayo da idan sun ga ɗan gangare sai su kashe inji su sa firi. Kar ka bi su. Inji na mutuwa birki ya yi tauri, sitiyari ya ƙi juyawa, ga garken shanu na tsallaka titi. Kuɗin saniya guda ya fi man wata shida. Motar injekta ma, in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya, da kanta take yanke mai, ba ta bukatar dabararka.

Yanzu ga bakanike, Allah ya bar zumunci. Da ka ce mota na zafi zai ce, "Alhaji, wagga tamostat ta ƙasar sanyi ta, mu cire ta mu haɗa fanka dairek." Ka ce masa a'a. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba ƙara shan mai yake yi. Ka kuma sa ido a kan tukunyar salansa, wadda yara ke kira indomi, don tana da kasuwa, kuma sau da yawa na'urar da ke auna hayaƙi tana bin ta a tafi. Daga nan mota ta fara sha ba lissafi. Abin da ya kamata ya taɓa shi ne filogi, da baƙin mai a kan lokaci, da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, musamman a tsofaffin motoci masu kafireta. Su ne ba ya son yi, don babu abin cirewa a sayar.

Game da 'yan bumburutu ba ni da abin cewa sai dai ka duba gindin galan. In an lotsa shi ciki, litarsa ba irin ta makaranta ba ce. Kuma wannan ɗabi'a ta zuba na dubu biyu a yi ta tafiya jar fitila na kunne, famfon tanki take kashewa, don da man yake samun sanyi. Kafin ka tafi Sakkwato takanas don an ce can ya fi araha, zauna ka lissafa na zuwa da na dawowa.

In duk wannan bai yi ba, tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello daga Wurno ya riƙe daula har ya rasu a 1837, bai taɓa shiga layin gidan mai ba. Ka kai motar gindin darbejiya, ka sa yara su riƙa wanke ta kullum don mutane su san kana nan da ƙarfinka, ka tari ɗan kabu-kabu. Wanda ya tambaya ka ce ana jiran kaya daga Kano. Sai dai ka riƙa tada ta ko sau ɗaya a mako saboda batir, ka kuma leƙa ƙarƙashi kafin ka ja, don kaji ba sa neman izini kafin su yi ƙwai.