Mu da "Bari Dai Mu Gani"

Mu mutanen Kumagannam, in aka ce mana ga alheri nan tafe, abin da muke fara tambaya shi ne ta ina zai ɓaci. Ba ƙin murna muke ba, zullumi ne da zurfin ciki, kuma kowa a nono ya sha, har kai da kake taɓe baki.

Dubi yadda muke da shuka. Hadari ya haɗo ta gabas, samari sun saɓo sungumi, sai wani dattijo ya ɗaga kai ya ce, "Haka ya yi a 1984." Shi ke nan, a mai da iri buhu. Farin 1973 da na 1984 sun daɗe da wucewa, amma har gobe da tabarmarsu a majalisarmu. Wanda ko auren uwarsa ba a yi ba a lokacin, sai ka ji yana ba da labarin yadda shanu suka zube, har da ajiyar zuciya. To dattijon nan da ya hana kowa shuka, da asuba in ka bi ta gonarsa za ka tarar yana binne a busasshen rairayi, wai kada ruwa ya sauka bai shirya ba. Tsoron asarar iri ya zaunar da shi jiya, tsoron asarar damina ya tashe shi yau.

Kasuwa kuwa ba a magana. Mutum zai yi sati yana shawara da matashin kai kafin ya ɗora rago a mota zuwa Gashuwa. Ya faɗi kuɗi, mai saye ya ce ya saya, ko tayi bai yi ba. Nan take gabansa ya faɗi: me wannan ya gani a jikin ragon da ni ban gani ba? Sai ya ce albarka, ya biya kuɗin mota, su dawo gida tare. Da dare kuma ya kasa barci don bai sayar ba.

Neman aure ma haka. Muna can muna binciken kakan kakan yarinya, wani daga Nguru ya kawo sadaki. Mu ce, "Dama jikina ya ba ni."

Ni dai ba na ganin laifinmu duka. Wanda ya ga tudun yashi ya cinye gonar ubansa a ƙasar Yusufari ba ya taɓa rumbu da garaje, shi ya sa da bazara a wurinsa masu fara'ar nan suke zuwa rancen gero. Sai dai fa shi ɗin ne, in zullumin ya cika masa ciki, zai shiga kasuwar Nguru sayen gishiri ya fito da sabuwar waya. In uwargida ta tambaya, ya ce, "Haba Hajiya, duniyar ma nawa take?"