Ladubban Ziyarar Abokai: Nasiha ga Mutumin Tsiga Mai Nufin Kano da Ikko

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kuma warwatsa abokanmu a cikinta, wannan 'yar nasiha ce ga duk mutumin Tsiga da zuciyarsa ta raya masa cewa lokaci ya yi da zai je ya gano abokan ƙuruciyarsa, waɗanda neman halali ya kai wasunsu birnin Kano, wasu kuma ya gangara da su har bakin teku a Ikko. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a wayar salula take ba. Sai dai ita ƙafar tana da nata wajibai da mustahabbai da makaruhai, waɗanda jahiltarsu kan mai da ziyara ta zama jarrabawa ga mai masauki.

Fasali na farko, a kan lokacin tashi. Kada ka kuskura, ya kai ɗan'uwa, ka fita da damina, domin duk ɗan birnin da ya ga manomi a ƙofar gidansa ana tsakiyar noman farko, to, ko manomin ya rantse da Alƙur'ani cewa gaisuwa ce ta kawo shi, zuciyar mai gida ba za ta daina lissafin kuɗin buhun taki ba. Ka bari sai an cire masara, an casa waken suya, an kai auduga ma'auna, fatake sun fara kai da kawowa tsakanin Bakori da Funtuwa. A sa'an nan ne aljihunka zai sami nauyin da zai sa muryarka ta fita sosai wajen yin sallama.

Fasali na biyu, a kan tsaraba. Sharaɗin tsarabar ƙauye shi ne ta kasance mai nauyi, mai ɗaukar ido, yadda sai an kira yaran unguwa sun kama kafin a shigar da ita, domin shaidu su yawaita. Ka tanadi masara da gero, da kuka da busasshiyar kuɓewa, da man shanu, da zabbi biyu masu rai, da daddawa wadda za ta sanar da maƙwabta isowarka tun kafin ka yi magana. Ka tabbata an miƙa ta cikin gida da sunanka, gama abokinka yana da ikon ce maka maraba kawai, amma girman malmalar tuwo da yawan naman miya a hannun uwargida suke. Kuma ka raba kason Kano da na Ikko tun a gida, ka ɗinke bakin na biyu, don idan buhu ya shiga zauren Bakano a buɗe, da wuya ya fito da sauran kwarjini.

Fasali na uku, a kan birni. Idan ka shiga motar da ke bi ta Malumfashi da Dayi, kada ka buga wa abokinka waya sai kun wuce Gwarzo, saboda an jarraba an gani cewa mutumin birni in ya sami labarin baƙo da wuri, tafiyar gaggawa zuwa Abuja takan taso masa ba zato. In ka same shi a rumfarsa ta Kantin Kwari, ya zaunar da kai a kan dilar atamfa, ya tambaye ka mutanen gida alhali waya na manne da kunnensa, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Haka suke gaisawa da kowa, har da surukansu. Ka roƙe shi ya haɗa ka da yaro ya kai ka kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da marinar Ƙofar Mata, da dutsen Dala, inda za ka hangi birnin gaba ɗaya ka kuma gane cewa numfashinka ya fara tsufa. Amma Dawanau, kasuwar hatsi, kada ka je sai da taƙawa mai ƙarfi, domin can za ka ji farashin irin masarar da ka sayar a bakin gona, kuma babu abin da zai fito daga bakinka sai istirja'i.

Fasali na huɗu, wanda shi ne ginshiƙin wannan ilmi, a kan tsawon zama. Sananne ne cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka ce, kuma ba kowa ne ke son a tilasta masa yin sadaka ba. Mai masauki mai kunya ba zai tambaye ka ranar tafiya ba, amma in ya yi karatun zaure zai zuba ido ga sallarka. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya yi tafiyar mil 48 yana yin ƙasaru, ya sallaci Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu, har sai ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku, sa'an nan ya cika. Saboda haka, idan jam'i ya kuɓuce maka ka tsaya kai kaɗai a zaure, ka sallame a raka'a ta biyu, za ka ga fuskar mai gida ta washe, har ya aika a sayo tsire. In kuwa ya ga ka miƙe zuwa ta uku, to, labari zai isa madafa kafin ka yi tahiya, kuma daga wannan dare miya za ta fara tsinkewa. Ranar da ka ce za ka tafi, in ya ce, «Haba Malam, tun yanzu? Ai da ka ƙara mana kwana biyu,» ka sani wannan magana ta ladabi ce, amsarta godiya da ɗaukar jaka.

Fasali na biyar, a kan hanyar kurmi. Za ka wuni ka kwana a mota, ta Zariya da Kaduna, ka ƙetare kogin Kwara, ka ratsa Ilori da Badun, ƙafafunka a kan buhun wani, kan wani a kafaɗarka. Kada ka yi ƙorafi, gama kakanninmu fatake da jakai suka yi watanni suna neman goro, kuma jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, gadar Jebba ma ba a gama ta ba sai 1916. Ka lura da yadda kuka da ɗorawa ke ɓacewa, kwakwar manja na maye gurbinsu, gumi kuma na tsatso maka ba tare da ka riƙe fartanya ba.

Fasali na shida, a kan Ikko. Nemi abokinka a Agege, ko Idi-Araba, ko kasuwar Mile 12 inda ake sauke tumatir da albasar Arewa. In kun shiga danfo, ka riƙe canji a hannu da aljihu a zuci, kada kuma ka yi wa kwandasta doguwar gaisuwa, don ba zai tambaye ka gajiya ba. In an kawo amala da miyar lalo mai barkono, ka ci da basmala, hawayen da za su zubo ka jingina su ga murnar ganin ɗan'uwa. Sa'an nan ka nemi a bi da kai ta doguwar gadar nan da aka buɗe a 1990, mai tsawon fiye da kilomita 11 a kan ruwa, a kai ka bakin teku, ko da Badagiri ne, inda aka riƙa loda bayi a jiragen Turawa a zamanin da. A nan ne mas'alar da ka haddace a littafin Risala tun kana yaro, cewa ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, za ta sami amfani karo na farko a rayuwarka. Ka yi alwala da shi domin cika ilmi, amma ka taƙaita kurkurar baki, kuma kada ka shiga fiye da idon sawu, domin iyon da ka koya a kududdufin bayan gari ba hujja ba ce a wurin igiyar ruwa.

A nan kuma akwai amana mai nauyi. Mai yiwuwa ne ka tarar da abokin nan da ke zuwa gida da Babbar Salla cikin shadda mai maiƙo, yana rabon sababbin kuɗi, ashe ɗaki ɗaya suke kwana su biyar, kuma tabarmar da ya shimfiɗa maka tasa ce, shi a benci ya kwana, kuɗin kifin da ya saya maka kuwa na abincinsa ne na kwana uku. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka yaba iskar ɗakin, ka ce ba ka taɓa barci mai daɗi irin na jiya ba, ka kuma karɓi goro da manja da burodin Agege da zai haɗa ka da su ba tare da ka ce ya wahalar da kansa fiye da sau biyu ba.

Fasali na bakwai, a kan komowa. Idan ka iso Tsiga lafiya, jama'a suka taru a dandali bayan Lisha, an yi maka rukhsa ka ƙara wa teku faɗi yadda ka ga dama, ka ɗaga benayen Ikko har su taɓa gajimare, ka ce gosulo ya tsare ku daga hantsi har Magariba, babu mai kama ka da laifin ƙarya sai wanda ya taɓa zuwa, shi kuwa yana da tasa da yake karewa. Amma in mahaifiyar abokinka ta aiko a tambaye ka yadda ka baro shi, amsa ɗaya ce: yana cikin rufin asiri, yana gaishe ta, ga kuma saƙonta. In ka kiyaye wannan, to, ranar da shi ma ya zo ya leƙa rumbunka a watan bazara ya hangi ƙasansa, zai koma kurmi ya ba da labarin cewa hatsinka ya ishi Ƙaramar Hukumar Bakori shekara guda. Allah ya sa mu dace, ya kai matafiya lafiya, ya kuma ba masu masauki haƙuri.