Jego a Bonn, Ba Mai Ɗora Ruwa

Inna,

Ga labarin autarki da rundunarta, daga garin nan na Bonn da ke bakin kogin Rhine, inda Muryar Jamus take watso miki labarai. Mai jego lafiya lau, sabuwar kishiyarki kuma kullum ƙara kumatu take yi. Mijinki ɗan shekara 2 ya ce a gaya miki bai sake ki ba, harkoki ne suka yi masa yawa. Uwargida, mai shekara 5, ta ce ba ta gaishe ki sai ta ga tsaraba.

Surukinki ya yi abin a yaba. Ya ɗauki hutun wata guda, ya yi wanki, ya yi girki, shi ya aske wa jaririya kai da hannunsa tunda babu wanzami a unguwar. Amma aikinsa a tsakiyar Tekun Arewa yake, wurin injinan da iska ke juyawa su ba da lantarki, sati biyu a ruwa, sati biyu a gida. Tun kafin a yi arba'in ya koma, ya bar Auta da yara uku a hawa na uku, a benen da ba shi da lif.

Hukuma ba ta yi rowa ba, wannan gaskiya ce. Doka ta ba mai ciki hutun sati 6 kafin haihuwa da sati 8 bayanta. Ana biyan iyaye kuɗin zaman reno har wata 14 idan uwa da uba suka raba, kuma a 2025 kowane yaro yana da Yuro 255 duk wata. Inshorar lafiya ce ke biyan ungozoma, ta riƙa zuwa gida kullum a kwana 10 na farko, ta ci gaba da leƙowa har sati 12. Tana zuwa da sikelinta a jaka, ta rataye yarinya a ƙyalle ta auna, ta duba cibiya, ta tambayi uwa ko tana samun barci, ta rubuta, ta tafi. Mace ce mai kirki. Sai dai ba a biya ta don ta dama kunu ba, ko ta goya mijinki a samu a runtsa. A gidanki da yanzu Gwaggo na hura wuta tun asuba, wata na daka yaji, wata ta kwashe manyan yaran sai dare. A nan kuɗi na shiga asusu a kan kari, hannu ne babu.

Wankan jego kuwa ana yi, iya gwargwado. Babu runhu, babu darbejiya, ruwan famfo ne mai zafi a banɗaki, mijinki na dukan ƙofa da cokali yana kiran a buɗe, uwargida na tsaye a kan jaririya tana kawo rahoto da ƙarfi duk lokacin da ta motsa. Kunun kanwa ne Auta ta rage, kuma a nan ba a yi asara ba, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da kwanciyar gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Da za ki ga safiyarsu, da kin yi dariya har kin share hawaye. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin biyar ta faɗi, don haka cikin duhu ake shirin makarantar reno. Kowane yaro sai an sa masa riga a kan riga, da wandon ruwa, da hula, da safar hannu, da takalmi mai gashi a ciki. Kafin a gama da uwargida, mijinki ya cire nasa ya jefa safa ɗaya bayan firji. An nemo an mayar, sai ya ce fitsari. Auta ta sunkuya, ta ɗora jaririya a baya, ta ja zanen atamfa ta ɗaure, ta ƙara majanyi, ta saɓi mijinki a kafaɗa, aka gangara. Wata tsohuwa a benen, ranar da ta fara ganin goyon nan, bin su ta yi har ƙasa da hannu biyu a buɗe tana jiran yarinya ta suɓuto. Yanzu ita ce ke riƙe wa Auta ƙofa, har ta kawo jikarta mai ciki a koya mata ɗauri.

To, ga babbar maganar, wadda ta fi sanyi damun Auta. Tun farkon aurensu suka yi shawara shi ya riƙa yi wa yara Jamusanci, ita Hausa. Tsohuwar dabara ce, wani masani Bafaranshe, Jules Ronjat, ya rubuta littafi a 1913 kan yadda shi da matarsa Bajamushiya suka reni ɗansu a haka. Amma idan uba ya tafi teku Jamusanci ba ya bin sa. Yana makaranta, yana talabijin, yana bakin maƙwabta da mai sayar da burodi. Hausa kuwa baki ɗaya gare ta a duk gidan, kuma mai bakin ba ta yi barcin awa uku a jere ba tun ranar suna. Macen da ta gaji ba ta hira, umarni take bayarwa. Sai Hausar yaran ta koma "sauko", "bari", "zo ka ci", "wa ya zubar?", labari da wasa da waƙa duk suka tafi ɗaya harshen. Ta yi musu magana da Hausa, su amsa da Jamusanci. Wani lokaci ita ma, da jaririya a nono da madara na tafasa, sai ta ji ta jefa musu Jamusanci don an fi saurin bi, uwargida kuma ta tsaya gyara mata nahawu.

Tsoronta yana da tushe. Annick De Houwer ta bincika iyalai kusan 1,900 a yankin Flanders na Beljiyam, ta wallafa a 2007 cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na yaran gidaje masu harshe biyu ba sa magana da harshen da ba na gari ba, kuma an fi dacewa idan iyaye duka biyu suna yin sa. Shi ya sa aka sa surukinki a gaba. An tuna masa cewa ɗan ƙasarsu Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 da Hausa a bakinsa, ba waya ba intanet, don haka shi ba shi da hanzari. Gaisuwa dai ya iya ta har da durƙuso a gaban waya. Abin da ya wuce nan uwargida ce tafinta, kuma ki sani, rabin saƙon da take cewa daga gare ki yake, musamman na a saya mata alewa, ƙari ne daga aljihunta.

Har kukan jaririya an yi muhawara a kansa. Masu bincike a Jami'ar Würzburg, ƙarƙashin Kathleen Wermke, sun saurari jarirai 60 a 2009, suka ji na Faransa kukansu hawa yake yi, na Jamus kuma sauka, kowa na bin karin da ya ji tun yana ciki. Daga baya suka tarar jariran Nso na Kamaru sun fi rera nasu da hawa da sauka. Surukinki ya ce 'yarsa da Jamusanci take kuka. Auta ta ce wanda ke teku ƙarfe uku na dare ba shi da ta cewa, ita da ke ji ta san Bakanuwa ce, don ba ta farawa sai ta tashi kowa.

Ga roƙon. Kafin komai, ki riƙa kira bayan magariba ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko na minti goma ne, kada ki tsaya a "kun ci abinci?" Ranar da kika yi musu ta kura, mijinki kwana biyu yana bin uwarsa yana tambayar inda kurar ta kwana, kuma da Hausa ya tambaya. Sannan ki sa Yaya ya kai ki a sabunta fasfo. Bizar ziyara kwana 90 ce, surukinki zai aiko da takardar ɗaukar nauyi, jirgi daga Abuja zuwa Frankfurt kuma awa shida ne da 'yan mintoci. Kada ki sako kilishi ko man shanu, doka ta hana shigo da nama da kayan madara, a filin jirgi za su tsaya. Ki taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da zannuwan goyo biyu, ɗaya na jikar tsohuwar nan ne. Rigar sanyi da takalmi suna nan an saya, lamba 39, in ba daidai ba ne ki faɗa a canza.

A gaida Gwaggo da su Yaya da duk wanda ya tambaya.

Taki,
Babbar 'yarki